Fumfuna da Danshi a Ma'ajiyar Tufafi a Bekaji, Jimeta

Fumfuna, wadda wasu ke kira hunhuna, halitta ce 'yar dangin naman kaza da ke tsirowa a jikin tufafi, fata, takarda, katako da bango idan danshi ya daɗe tare da su. A cikin gida ta fi samun wurin zama a ma'ajiyar tufafi, wato wadirob, kabad, akwati, adaka, da ɗan siton da ake tara kayan da ba a cika taɓawa ba, domin a nan ne duhu da ƙarancin iska da abincinta suke haɗuwa. Bayanin da ke tafe ya dubi al'amarin kamar yadda yake a Bekaji, unguwar da aka fi sani da rukunin gidajenta a Jimeta, ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, Jihar Adamawa. Mafi yawansa ya shafi sauran garuruwan kwarin Binuwai, daga Garwa ta ƙasar Kamaru har zuwa Numan, tun da yanayinsu kusan ɗaya ne.

Yadda take rayuwa

Abin da ido ke gani, ɗigo-ɗigon baƙi ko kore ko fari fat kamar an barbaɗa gari, ƙarshen aikin ne. Kafin ya bayyana, siraran zaruruwa sun riga sun ratsa cikin yadin ko fatar suna narkar da ita suna ci. Idan suka yi ƙarfi sai su fitar da iri, ƙwayoyi ƙanana waɗanda ba a ganinsu sai da madubin bincike, iska ta kwashe su ta watsa. Irin nan yana ko'ina, a ƙurar titi, a ganyen da ya ruɓe a bayan gida, a tafin takalmi. Babu sharar da za ta raba gida da shi. Saboda haka ganin fumfuna a wadirob ba shaidar ƙazantar matar gida ba ce, ko da yake sau da yawa a kanta ake ɗora laifin, kuma wannan rashin adalci ne.

Jinsunan da aka fi samu a ɗakuna su ne Aspergillus, Penicillium da Cladosporium. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ya raɗa wa na farkon suna a 1729. Daga na biyun kuma Alexander Fleming ya gano maganin penisilin a Landan a 1928. Dukkansu abu uku suke bukata: abinci, ɗumi da ruwa. Abinci ba ya yanke musu a ma'ajiya, ga auduga, ga fata, ga takarda, ga sitaci da zufa da maiƙon jiki. Ɗumin da suka fi so tsakanin digiri 25 ne da 30 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne ɗumin ɗaki a Jimeta tsawon damina. Saura ruwa, kuma shi kaɗai ne ke hannun mai gida.

Ba sai abu ya jiƙe sharkaf ba. Idan laimar iska a jikin kaya ta haura kashi 70 cikin 100 ta kuma zauna a haka na makonni, wasu jinsunan za su fara tsiro. Idan ta haura kashi 80, sai su yi sauri. Abin da ruwa ya jiƙa kai tsaye kuwa, cikin awa 24 zuwa 48 fumfuna za ta iya kama shi idan bai bushe ba. Masana iskar ɗaki suna ba da shawarar a riƙe laima ƙasa da kashi 60.

Yanayin Jimeta

Wanda ya san Yola da zafi kawai zai yi mamakin jin ana kukan danshi a can. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana busar da komai har leɓe ya tsage, katako ya tsattsage. Amma garin yana zaune ne a cikin kwari, a gaɓar kudu ta Kogin Binuwai, ga Tafkin Geriyo da fadamominsa a gefe. Ruwan sama yakan fara sosai a watan Mayu ya kai Oktoba, kimanin milimita 900 a shekara, kuma kaso mai tsoka daga ciki yana zuba ne a Agusta da Satumba. A lokacin marka, sa'ad da gajimare ke rufe rana kwana da kwanaki, laimar iska takan kai kashi 80 ko fiye, musamman da dare da asuba.

Wannan sauyi daga bushewa mai tsanani zuwa laima mai tsanani shi ne tushen matsalar a nan, fiye da yawan ruwan kansa. A Fatakwal ko Kalaba mutane sun san danshi abokin zama ne, sun saba da shi a gininsu da ajiyarsu. A Jimeta kuwa, rabin shekara abokin gaba shi ne ƙura. Ana toshe tagogi, a saka labule mai kauri, a naɗe kaya a leda, a rufe wadirob ruf don kada jar ƙurar hunturu ta shiga. Dabarun nan daidai suke a Janairu. Idan aka ci gaba da su har Agusta, su ne ke kulle laima a ciki su hana ta fita.

Akwai ɗan lissafi da ke bayyana abin da ke faruwa. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar kimanin giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. Idan ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kawai take iya riƙewa. Ragowar sai ta sauke shi a jikin duk abin da ya fi ta sanyi, kamar yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalbar da aka ciro daga firji. A ranar marka mai zafin digiri 30 da laima kashi 80, duk bango ko ƙarfe ko madubin da sanyinsa ya kai digiri 26 zai fara tara ruwa. Tazarar digiri huɗu ce kacal.

Hanyoyin da ruwa ke bi

Yawancin gidajen Bekaji, kamar na Karewa da Dougirei da sauran unguwannin Jimeta, na bulon siminti ne da rufin kwano. Bulo yana shan ruwa, musamman wanda aka yi wa ƙwauron siminti wajen bugawa. Kafin a sayi wani magani, abin da ya kamata a fara yi shi ne a gano ta inda ruwan ke zuwa, domin kowace hanya da irin gyaranta.

Hanya ta farko ita ce bangon banɗaki. A tsarin gidajen zamani kowane ɗakin kwana da banɗakinsa a ciki, kuma bangon da ya raba su shi ne sau da yawa ake jingina wadirob da shi, don shi ne ba shi da taga. A cikin bangon nan aka binne bututun ruwa. Idan mahaɗar bututu ta fara tsatsafo, ko simintin da ke tsakanin tayil ya zaizaye, ruwan wanka sai ya riƙa shiga bulo kullum ta Allah. Alamar wannan ita ce danshin ba ya bin damina: ko a tsakiyar hunturu bangon yana nan da sanyi. A tsofaffin gidajen da aka ƙara wa banɗaki daga baya abin ya fi yawa, saboda an fasa bango an cusa bututu a inda asalin ginin bai tanada ba.

Sai ruwan da ke hawowa daga ƙasa. Magina suna zuba wani shafi na kankare a saman harsashi, wanda suke kira difisi, tare da shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe, don yanke wa ruwan ƙasa hanya. Ƙa'ida ita ce shafin ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Inda aka tsallake ledar don rage kuɗi, ko kuma daga baya aka cike tsakar gida da ƙasa aka yi daɓe har ya haura difisi, ruwa zai bi bulo ya hau. Ana gane shi da cewa ba ya cika wuce tsayin mita ɗaya, yana barin wani layi mai kama da bakin gaɓa a jikin bango, fenti yana kumbura yana ɓarewa, farin gishiri yana fitowa. Mutane da yawa sukan ɗauki gishirin nan a matsayin fumfuna. Bambance su ba wuya: gishirin bango yana da ƙarfi-ƙarfi, yana murƙushewa a yatsa, yana narkewa a ruwa, ba shi da wari, fumfuna tana da laushi, tana shafewa, tana kuma da warin nan na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wani gyara da ya zama ruwan dare shi ne liƙa tayil a ƙasan bangon da ke danshi. Bango yakan yi kyau na ɗan lokaci, amma ruwan bai je ko'ina ba, an hana shi fita ne kawai, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya koma ta ɗaya fuskar bangon, inda watakila wadirob yake. Fenti mai maiƙo ma haka yake yi.

Daga sama kuma akwai yoyon kwano, wanda iskar farkon damina ke jawowa idan ta sassauta ƙusoshi. Rufin da ake ɓoyewa a bayan katangar sama, wanda ya shigo yayi, yana da magudana a ciki; ganyen darbejiya da ƙurar rani suna toshe ta, ruwa ya kwanta ya bi bango ya gangaro. Wanda wadirob ɗinsa ya kai silin ba zai ga tabon ba sai kayan da ke saman sun lalace. Daga waje kuwa, a duba sokawe da aka haƙa dab da gini, furannin da ake bai wa ruwa a gindin bango, tankin da ke ambaliya idan ya cika, da bututun esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke ɗiga a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Ita na'urar sanyaya ɗaki tana da fuska biyu. Muddin tana aiki tana tsotse laima daga iska, ɗaki ya bushe. Amma idan wuta ta ɗauke aka buɗe taga, iskar waje mai ɗumi da laima sai ta tarar da bango da kaya sun yi sanyi, ta sauke ruwanta a kansu. Haka kuma ɗakin da ke maƙwabtaka da mai esi, bangon da ke tsakaninsu yakan yi gumi ta fuskar da babu sanyin.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A yanko leda mai faɗin kamar kamu biyu, a liƙa ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Idan ruwa ya taru a tsakaninta da bango, daga cikin ginin yake fitowa, aikin birkila ne ko mai gyaran famfo. Idan a bayanta ya taru, ta fuskar ɗaki, daga iska yake, maganinsa iska da sarari.

Ambaliya babi ce daban. Madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika aka saki ruwanta Binuwai yakan tumbatsa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Unguwannin da ke kusa da gaɓa su suka fi ɗanɗana kuɗa, amma a cikin gari ma ruwan sama mai ƙarfi da kwatocin da shara ta toshe sukan tura ruwa cikin ɗakuna. Ko ruwan ya janye cikin yini guda, bulo da daɓe sukan riƙe danshi na makonni, kuma mayar da kaya wurinsu kafin su bushe shi ne kuskuren da aka fi yi.

Ba kullum gini ne mai laifi ba. Sau da yawa ruwan tare da tufafin yake shiga. A marka shanya ba ta bushewa, sai a kwashe da ɗan sanyi-sanyinta a ninke. Mai guga yana yayyafa ruwa, ya goge, ya ninke da ɗuminsa, ya saka a leda ya ɗaure. Tururin yana nan a ciki. Shanyar da aka yi a ɗaki kuwa, ruwan da ya bar kayan cikin iskar ɗakin ya koma.

Abin da take ɓatawa

Fata ce ke fara nunawa: takalman da ba a sa ba tun Ƙaramar Sallah, jakar hannu, bel, gafakar Alƙur'ani. Fata tana shan laima daga iska, kuma man da ke jikinta abinci ne. Daga nan sai duk abin da aka yi wa sitaci, wato shadda, babbar riga, kaftani, da hular da ta dawo daga wajen masu wankin hula. Sitaci daga rogo ko masara ake yin sa, don haka rigar da ta sha sitaci aka ajiye ta wata uku a damina an tanadar wa fumfuna abinci ne. A 2023, 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni, ma'ana manyan rigunan da aka sa aka yi zufa a Idi an mayar da su ma'ajiya ne daidai lokacin da laima ke hauhawa. Rigar da za a daɗe ba a sa ba gara a wanke ta a ajiye babu sitaci, sai ranar bukata.

Yadin roba ba abincinta ba ne, amma tana tsirowa a kan dattin da ke jikinsa. Atamfa da leshin lefe da ke kwance a akwatuna wata da watanni, da ledarsu ta kanti, sukan fito da ɗigon baƙi a daidai ninki. Asarar da ta fi ciwo ita ce ta takardu, irin su shaidar kammala makaranta, takardar fili, hotunan iyaye da littattafan addini, waɗanda aka saba cusawa a ƙasan wadirob, wurin da ya fi ko'ina danshi.

Shi kansa wadirob ɗin yana cikin haɗari. Kayan ɗakin da kafintoci ke yi yanzu yawanci da allon garin katako ne wanda aka matse da gam aka lulluɓe da fuska mai sheƙi. Allon baya, wanda ke fuskantar bango, siriri ne kuma sau da yawa tsirara yake babu fenti. Da ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa yadda yake. Katakon gaske irin na maɗaci ya fi jurewa nesa ba kusa ba. Jeren ɗakin amarya yana ƙara tsananta abin: gado da wadirob da madubi sun cika ɗaki, an manna kowanne da bango don a sami wurin wucewa, wani lokaci har taga ake rufewa. Iyayenmu da ke ɗora adaka a kan duwatsu suna rataye tufafi a igiya sun bar wa iska hanya ta ƙasa da ta baya, abin da wadirob na zamani ya toshe. Inda danshi yake kuma, kyankyasai da gara ba sa nisa.

Lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar da cewa mazauna gidaje masu danshi sun fi fuskantar tari, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da tashin ciwon asma. Ga mai ƙoshin lafiya, sa rigar da ke warin fumfuna ba ya wuce atishawa da ƙaiƙayi. Waɗanda ya kamata a nisantar da su daga wurin, musamman lokacin kakkaɓa, su ne jarirai, masu asma, masu raunin garkuwar jiki, da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Tarin fuka yakan bar rami a huhu bayan an warke, kuma Aspergillus yana iya zama a ramin ya haddasa doguwar cuta mai kama da dawowar tarin, har da fitar jini. Mai irin wannan tarihin da tari ya ƙi barinsa, ya gaya wa likita halin da ɗakinsa yake ciki.

Launi ba ya nuna girman haɗari. A shekarun 1990 an yi ta fargabar wata baƙar fumfuna mai suna Stachybotrys a Amurka, bayan rashin lafiyar wasu jarirai a birnin Cleveland, amma a 2000 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce ba a tabbatar da alaƙar ba. Baƙa ko fara, hukuncinsu ɗaya: a cire, a busar da wurin. Makero da ƙyasfi kuwa wasu jinsuna ne daban ke kawo su, ba na wadirob ba.

Kafur da turare

Abin da mafi yawan gidaje ke fara nema idan ma'ajiya ta soma wari shi ne kafur, fararen ƙwallayen da ake sayarwa a leda a Kasuwar Zamani ta Jimeta da kowane kanti. Ainihin kafur daga wata bishiya ta gabashin Asiya ake samun sa; mafi yawan ƙwallayen kasuwa kuwa sinadarin naftalin ne, wanda ake fitarwa daga kwaltar gawayin ƙasa ko man fetur. Don kashe asu aka yi shi. Ba ya tsotse ruwa ko kaɗan, warinsa ne ke danne na fumfuna, mai gida ya ɗauka ya huta alhali ɓarna na ci gaba. Turaren wuta da humra ma iyakarsu ke nan.

Naftalin yana da haɗarin da ya kamata kowace uwa ta sani. Akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gada, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD, kuma yana da yawa a Najeriya, musamman a tsakanin maza. Mai shi idan ya shaƙi naftalin ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa. A jariri sabon haihuwa wannan yana kawo shawara mai tsanani, wadda idan ta kai ƙwaƙwalwa takan bar naƙasa ta har abada ko ta yi kisa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan ajiye kayan jarirai da kafur, al'adar da ta yaɗu saboda ana haɗa kayan haihuwa tun watanni kafin lokaci. Wanki ɗaya ba lalle ya fitar da shi daga yadi ba. Ƙananan yara kuma sukan ɗauka alewa ce su haɗiye. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008. Babu hujjar saka shi a akwatin jariri.

Kawar da ita

Aikin a waje ake yin sa, da rana, da takunkumin hanci da safar hannu. Kakkaɓe kaya a cikin ɗaki watsa iri ne. A fitar da komai, har abin da ake ganin lafiyarsa ƙalau, a goge busasshiyar fumfunar da buroshi, a shanya. Rana tana busarwa tana kuma raunana irin, sai dai atamfa da rinanniyar shadda a juya cikinsu waje don kada su koɗe. Daga nan a wanke da sabulu, da ruwan zafi idan yadin zai jure. Bilic farar auduga kaɗai ya dace da ita. Yana cinye launi, yana kuma lalata ulu da siliki. Ga masu launi, jiƙawa a ruwan khal ko shafa lemon tsami da gishiri yana rage tabo, amma a fara gwadawa a gefen da ba a gani. Tabon da ya daɗe ya shiga zare sau da yawa ba ya fita gaba ɗaya.

Fata ba a jiƙa ta. A goge ta da tsumman da aka tsoma a sifirit da ruwa rabi da rabi, a bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a shafa mai. Takarda kuma a buɗe ta a inuwa ta bushe tukuna, a share da buroshi mai laushi. Jiƙaƙƙen tsumma cusa tabon yake yi cikin takardar.

Bango da cikin wadirob a wanke su da ruwan sabulu, sannan idan ana so a bi da bilic, kofi ɗaya a lita 4 ta ruwa, tagogi a buɗe. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko da khal, ko da wani abu mai amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. Allon da ya kumbura ya yi laushi ba ya gyaruwa, a sa kafinta ya cire shi ya sa sabo. Shafa fenti a kan fumfuna ɓata kuɗi ne, za ta huda ta fito. Idan faɗin wurin da ta kama ya wuce kimanin mita ɗaya tsawo da faɗi, ko tana dawowa bayan kowane wanki, matsalar ta gini ce.

Hana ta dawowa

Abu mafi arha kuma mafi amfani shi ne sarari. A janye wadirob daga bango santimita 5 zuwa 10, a ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu ko guntayen katako, akwatuna ma haka. Idan da hali a sauya masa wuri daga bangon banɗaki zuwa bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Wanda aka gina a jikin bango, kafinta zai iya huda masa ramuka a sama da ƙasa ya sa raga, iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Kada a cunkusa kaya har hannu ya kasa shiga tsakaninsu. A cire ledar mai wanki da zarar an kawo kaya, a rataye su su huce kafin a adana. Tsohon zanen gado na auduga ya fi leda kyau wajen rufe manyan riguna.

Buɗe taga ma da lokacinsa. A damina laima ta fi yawa da asuba da kuma bayan an ɗauke ruwa, ta fi sauƙi daga hantsi zuwa la'asar a ranar da rana ta fito. A wannan lokacin ake buɗe tagogi da ƙofofin wadirob a kunna fanka. Duk ranar da aka samu rana mai kyau a Agusta, ta cancanci a fitar da takalma da akwatuna.

Abubuwan tsotse laima ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi suna aiki a rufaffen akwati ko robar ajiye takardu, kuma idan sun ƙoshi ana iya gasa su a tanda mai ɗan zafi su koma aiki; a babban wadirob da ake buɗewa kullum ba sa tasiri. Robobin da ke ɗauke da sinadarin kalsiyam kulorayid sun fi su ja, har ruwa yake taruwa a ƙasansu, sai a kula kada ya zube a kaya ko yaro ya kai gare shi. Gawayi ya fi amfani wajen ɗauke wari. Gishirin girki ba ya fara jan ruwa sai laima ta kai kashi 75, lokacin da fumfuna ta riga ta sami abin da take so. Na'urar tsotse laima tana aiki sosai, amma tana bukatar tsayayyiyar wuta da rufaffen ɗaki. Ɗan ma'aunin laima mai batir, wanda ba shi da tsada, yana nuna wa mai gida gaskiyar abin da ke cikin ma'ajiyarsa kafin hanci ya ji.

Mai neman gidan haya a Bekaji ko wata unguwa, idan yana da zaɓi, ya je dubawa a Agusta ko Satumba. A Fabrairu kusan kowane bango a bushe yake. Idan dole a rani ne, ya dubi ƙasan bango ko an yi sabon fenti a nan kaɗai, ya buɗe wadirob ɗin bango ya shinshina, ya ɗaga kai ya nemi tabo a silin, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya. Bisa al'ada gyaran rufi da bututun cikin bango na mai gida ne, kuma ya fi sauƙi a yi magana a kai kafin a biya kuɗi. Sabon gini ma yana riƙe ruwan kwaɓi na watanni, don haka wanda ya tare da zarar an gama shafe kada ya manna kaya da bango a shekarar farko.

Da hunturu ya kama, wari yakan ɓace, tabo ya bushe, mutane su ɗauka an rabu. Fumfuna ba ta mutu ba, irinta yana jure fari ya jira ruwan damina. Watannin Nuwamba zuwa Maris su ne lokacin gyara: a toshe yoyon kwano, a share magudanar rufi, a canza bututun da ke tsatsafo, a rage ƙasar da ta haura difisi, a kankare lalataccen shafe a bar bulo tsirara ya sha iska. Bangon bulo mai inci 9 da ya daɗe yana shan ruwa yakan ɗauki makonni da yawa kafin ya bushe har ciki, saboda haka sabon shafe da fenti sai gwajin leda ya nuna babu sauran ruwa.